Yadda Ake Sa Kujerar Mace a Hukumar Daraktoci Ta Yi Tasiri a Rahoton Kuɗin Kamfani

Duk shekara, kafin babban taron masu hannun jari, kamfani kan fitar da littafin rahotonsa. Hotunan daraktoci na shafukan farko, kuma a 'yan shekarun nan da wuya a rasa mace ɗaya ko biyu a cikinsu. Alƙaluman riba da bashi da kadara kuwa suna can daga tsakiyar littafin zuwa ƙarshe. Abin da ya shafi mai hannun jari, da bankin da ya ba da rance, da hukumar haraji, shi ne ko matan da ke shafukan farko suna da ta cewa a kan abin da aka rubuta a shafukan baya. A kamfanoni da yawa ba su da ita, saboda an ba su kujera a inda lissafi ba ya bi. Wannan bayani na shugaban hukumar daraktoci ne, da sakataren kamfani, da masu hannun jari, da ita kanta wadda aka ba kujerar.

Abin da bincike ya gano

A 2009 Renée Adams da Daniel Ferreira sun bi bayanan manyan kamfanonin Amurka na shekaru da dama. Sun gano daraktoci mata sun fi maza halartar zama, kuma inda mata suka ƙaru a hukuma, mazan ma kan rage fashi. Sun kuma ga an fi sa mata a kwamitocin sa ido. A 2011 Srinidhi da Gul da Tsui suka nuna cewa ribar da kamfanonin Amurka masu daraktoci mata ke bayyanawa ta fi inganci, wato ba a cika yi mata kwaskwarima ba. A 2012 Abbott da Parker da Presley suka gano cewa kamfanin da ke da mace ko da ɗaya a hukumarsa bai kai na maza zalla komawa gyaran rahoton da ya riga ya fitar ba.

Sai dai a 2011 ɗin, Sun da Liu da Lan sun duba yawan mata a kwamitocin binciken kuɗi, ba su ga wata alaƙa tsakaninsa da kwaskwarimar riba ba. Binciken da García Lara da abokan aikinsa suka yi a kan kamfanonin Birtaniya a 2017 shi ya fi amfani ga mai son aiki da wannan ilimi. Sun ga tasirin ya fito ne daga daraktoci mata masu zaman kansu, ban da waɗanda ke cikin masu tafiyar da kamfanin, sannan a kamfanonin da ba a tauye mata wajen ba da kujera, bambancin mace da namiji ya ɓace. Wato inda katanga ta yi tsawo, macen da ta haura ta kan fi sa'o'inta maza ƙwarewa, ƙwarewar kuma ita ake gani a lissafi.

Kada kowa ya ɗauka kasancewa mace kaɗai kariya ce. A Agustan 2009 Babban Bankin Najeriya ya sauke shugabannin bankuna biyar saboda tarin bashin da ya ƙi biyuwa da raunin shugabanci. Ɗaya daga cikinsu ita ce Cecilia Ibru ta Oceanic Bank, wadda ta amsa laifi a kotu a 2010. Abubuwa huɗu ne ke sa kujera ta yi aiki: 'yancin mai ita, iliminta na lissafi, kwamitin da aka sa ta, da samun masu mara mata baya a zama.

Inda dokar Najeriya ta tsaya

Ƙasashe da dama sun yanka wa mata kaso da ƙarfin doka. Norway ta yi dokar kashi 40 cikin 100 a 2003, ta tilasta ta gaba ɗaya a 2008. Faransa ta bi sahu a 2011, Tarayyar Turai kuma ta amince da nata tsarin a 2022. Dokar kamfanoni ta Najeriya, CAMA ta 2020, ba ta yanka kaso ba. Kundin ƙa'idojin shugabancin kamfanoni na 2018, wanda FRC, hukumar kula da rahoton kuɗi ta Najeriya, ta fitar, ya nemi kowace hukumar daraktoci ta kula da bambancin jinsi cikin sauran abubuwa, ta bayyana yadda ta aiwatar. Ɓangaren banki ya fi kowa nisa. A 2012, zamanin da Sanusi Lamido Sanusi ke gwamnan Babban Banki, kwamitin shugabannin bankuna ya sa burin kashi 30 na kujerun daraktoci da kashi 40 na manyan muƙaman gudanarwa ga mata, sannan ƙa'idojin Babban Banki na 2023 suka hana hukumar banki ta zama ta jinsi ɗaya.

Akwai abin da mutane da yawa ke haɗewa, kuma duk aikin ya rataya a kansa: kamfanin da jama'a ke da hannun jari a ciki kan kasance da kwamitin binciken kuɗi iri biyu. Na farko shi ne wanda sashe na 404 na CAMA ya wajabta, mai mutum biyar, uku daga masu hannun jari, biyu daga daraktocin da ba sa cikin gudanarwa. Dole dukkansu su iya karanta rahoton kuɗi, ɗaya aƙalla kuma ya zama ɗan ƙungiyar akantoci da doka ta kafa. Ana zaɓensu duk shekara. Na biyu shi ne kwamitin da hukumar daraktoci ke kafawa daga cikinta, wanda kundin 2018 ya ba da shawarar a yi. Shi ne ke ganin takardu da wuri, shi ke zama da shugaban sashen kuɗi duk wata uku.

Kwamiti na farko ƙofa ce da mata masu hannun jari ba su cika amfani da ita ba. Kowane mai hannun jari na iya gabatar da sunan wani mai hannun jari, a rubuce, ga sakataren kamfani, aƙalla kwana 21 kafin babban taro. Ba a bukatar yardar shugaba ko ta manajan darakta. Akanta mace da ke da 'yan hannayen jari, in ta samu mai gabatar da ita da ƙuri'u a zauren taro, ta shiga.

Zaɓen wadda za a ba kujera

Ku fara da rubuta gurbin da ake son cikewa kafin a ambaci sunan kowa. Ku jera daraktocin da ke nan, ku rubuta gaban kowane abin da ya iya: lissafi, doka, haraji, harkar rance, fasahar kwamfuta, sanin kasuwar da kamfani ke ciki. Inda aka ga giɓi, shi za a nema. In aka fara da suna, ƙarshenta 'yar wane ko matar wane za a ɗauko.

Indiya ta ga wannan. Dokarta ta 2013 ta ce manyan kamfanoni su sa mace aƙalla ɗaya, sai masu kamfanoni da yawa suka naɗa matansu da 'ya'yansu, har hukumar kasuwar hannayen jarin ƙasar ta dawo ta ce manyan kamfanoni 500 na farko su samar da mace mai zaman kanta daga Afrilun 2019. A kamfanonin gado irin na Kano da Kaduna, 'yar mai kamfani ta zauna a hukuma ba aibi ba ne, haƙƙinta ne a matsayin mai dukiya, wani lokaci ma ita ta fi kowa sanin kan harkar. Amma kada a lissafa ta cikin masu zaman kansu, kada kuma a ba ta shugabancin kwamitin binciken kuɗi. 'Yar da aka tarbiyyantar a kan kunyar mahaifi da kawu, ba adalci ba ne a ce ita za ta tsare su gaban baƙi a kan kuɗin da aka cire ba takarda.

Ma'aunin zaman kai a kundin 2018 a fili yake. Hannun jarinta kada ya wuce kashi 0.01 cikin 100 na jarin da aka biya. Kada ta kasance ta yi aiki a kamfanin cikin shekaru biyar da suka wuce. Kada ta zama 'yar uwa ta kusa ga darakta ko babban ma'aikaci ko babban mai hannun jari. Wa'adinta kada ya wuce zango uku na shekara uku-uku. Ku ƙara da tambayar da takarda ba ta yi: kamfanin mijinta ko na ɗanta na kwangila da mu? Wa ya kawo sunanta, kuma me ke tsakaninsu?

Masu cewa ba a samun ƙwararrun mata, yawanci sharaɗin da suka kafa ne ya tace su. In aka ce sai wanda ya taɓa zama manajan darakta, an zubar da mafi yawan mata tun kafin a fara, alhali kwamitin binciken kuɗi ba tsohon manajan darakta yake bukata ba. Wadda ta shekara goma sha biyar tana binciken littattafan kamfanoni, ko ta riƙe sashen kuɗi, ko ta yi aikin duba bankuna a Babban Banki ko NDIC, hukumar inshorar kuɗin ajiya a bankuna, ko take koyar da lissafin kuɗi a jami'a tana kuma aiki da shi, ta fi dacewa. A nema ta hannun ƙungiyoyin akantoci na ICAN da ANAN, da ƙungiyar akantoci mata ta SWAN, da shirin WIMBOARD na WIMBIZ, ƙungiyar mata masu harkar gudanarwa da kasuwanci, da cibiyar daraktoci ta ƙasa. Lamarin ba sabo ba ne: Bola Kuforiji-Olubi ta shugabanci hukumar bankin UBA tun 1984, ta kuma zama mace ta farko da ta shugabanci ICAN a 1989.

Gwaji mafi sauƙi shi ne a ba kowane ɗan takara, mace da namiji, rahoton bara mako guda kafin ganawa, a ce ya zo da abubuwa uku da zai tambayi shugaban sashen kuɗi. Wanda ya tsaya a jawabin shugaba da hotuna zai bayyana, wanda ya shiga bayanan ƙarshen littafi ma zai bayyana.

A duba yawan kujerun da take riƙe da su. CAMA ta hana mutum zama darakta a fiye da kamfanonin jama'a biyar, amma biyar ɗin ma ta yi yawa ga mai aikin binciken kuɗi, domin kusan duk kamfanoni a Disamba suke rufe shekara, aikinsu kuma a Fabrairu da Maris yake haɗuwa. A Norway, bayan dokar kaso, wasu mata ƙalilan sun tara kujeru da yawa har aka yi musu laƙabi da masu siket na zinare. Kwamitin binciken kuɗi uku ya ishi mutum ɗaya.

Yawa da wurin zama

Mace ɗaya cikin maza goma, ko ta fi su ilimi, maganarta kan zama ra'ayin mata maimakon ra'ayin darakta. Rosabeth Moss Kanter ta bayyana wannan tun 1977, binciken Konrad da Kramer da Erkut na 2008 kuma ya nuna cewa sai an kai uku yanayin zama ke sauyawa. A hukuma mai mutum tara, kashi ɗaya cikin uku ke nan. Ba sai an kori kowa ba. In tsarin mulkin kamfani bai ce wani abu daban ba, kashi ɗaya cikin uku na daraktoci kan sauka a kowane babban taro, wa'adin masu zaman kansu kuma na ƙarewa. Sakataren kamfani ya fitar da jadawalin guraben shekara uku masu zuwa, a tsara tun yanzu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kai mace kwamitin walwalar ma'aikata ko na ayyukan jinƙai, a bar binciken kuɗi da na rance da na kasada ga maza. A sa aƙalla mace ɗaya mai ilimin lissafi a kwamitin binciken kuɗi na hukuma, in ta cancanta a ba ta shugabancinsa, domin shugaban kwamiti ne ke tsara abin da za a tattauna, shi oditoci, wato masu binciken lissafi na waje, ke kira in sun ga abin da bai kwanta musu ba.

Shugaban hukuma na da aiki biyu a nan. In rahoton kuɗi ya zo, ya fara jin masu zaman kansu kafin ya faɗi nasa ra'ayin, don da zarar babba ya nuna inda ya karkata, saura amshin shata ne. Na biyu, ya hana a yanke magana a wajen zaure. Shawarar da aka gama a falon Alhaji bayan sallar isha, ko a mota a hanyar ɗaurin aure, an yanke ta ne a inda darakta mace ba ta zuwa, washegari sai a kawo mata a ce ta sa albarka.

Takardun da za ki nema

Ke da aka ba kujerar, ki nemi takardun zama su iso ki aƙalla kwana bakwai kafin ranar. Kamfanin da ke kasuwar hannayen jari ta NGX na da kwana 90 bayan rufe shekara ya miƙa rahoton da oditoci suka duba, na kowane wata uku kuma kwana 30. Saboda wannan matsi akan kawo daftari ana gobe zama, a ce lokaci ya ƙure. Ki sa a tsara jadawalin tun Oktoba. Cikin takardun a samu cikakken daftarin rahoto da bayanansa, lissafin wata-wata na shekarar, jerin masu riƙe da bashin kamfani bisa tsufan bashin, rahoton ƙirgen haja, jerin mu'amaloli da daraktoci da danginsu, da rahoton masu binciken cikin gida.

Inda ake ɓoye abu a lissafi

Fara da kwatanta riba da tsabar kuɗin da harkar kamfani ta kawo. Riba ta ƙunshi ƙiyasi da hukuncin mutane, tsabar kuɗi kuwa banki na da shaidarta. A ɗauka kamfani ya ce ya ci ribar naira biliyan 1.8, amma kuɗin da suka shigo daga ayyukansa miliyan 300 ne. Tazarar biliyan 1.5 ke nan. In kadarorinsa duka biliyan 15 ne, tazarar ta kai kashi 10 cikin 100. Shekara ɗaya na iya samun dalili, kamar sayen haja da yawa kafin farashi ya tashi. In ta maimaitu shekara biyu ko uku, ruwa ba ya tsami banza.

Daga nan ki auna kwanakin da bashi ke yi a hannun masu saye. Raba bashin da ake bi da cinikin shekara, ki ninka da 365. Cinikin biliyan 12 da bashin biliyan 2 na ba da kwana 61. In a shekara ta gaba ciniki ya zama biliyan 14, bashi kuma biliyan 4.2, kwanakin sun kai kusan 110. Ciniki ya ƙaru da kimanin kashi 17, bashi ya ninka har da ɗori. Ko dai an sassauta sharuɗɗan ba da kaya bashi don a kumbura ciniki, ko diloli sun kasa biya, ko wani ɓangaren cinikin a takarda kawai yake. Ki nemi sunayen manyan masu bashi goma, da abin da kowane ya biya bayan rufe shekara.

Ki sa a kawo miki cinikin makonni biyu na ƙarshen Disamba da kayan da aka dawo da su a Janairu da Fabrairu. Tsohuwar dabara ce a tura wa diloli kaya fiye da abin da za su iya sayarwa, a rubuta ciniki, bayan an rufe littafi a karɓi kayan. Ƙa'idar lissafi ta duniya mai suna IFRS 15 ta ce ba a rubuta ciniki sai ikon kaya ya koma hannun mai saye, kuma sai an cire abin da ake sa ran za a dawo da shi. Irin wannan cusa kaya, da jinkirta rubuta kuɗin da aka kashe, da takardun haja na bogi, na cikin abin da aka gano a Cadbury Nigeria a 2006, inda aka kumbura lissafi da kimanin naira biliyan 13 cikin shekaru, SEC kuma, hukumar kula da kasuwar hannayen jari, ta hukunta daraktoci da oditoci a 2008.

Haja ta fi sauƙi. Ana rubuta ta da kuɗin da aka saye ta ko kuɗin da za ta iya kawowa, wanda ya fi ƙanƙanta. Ki tambayi wa ya ƙirga, yaushe, ko oditoci sun halarta, da abin da ya shekara a sito bai motsa ba. In da hali ki je sito ɗaya da kanki ranar ƙirge.

Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne mayar da kuɗin da aka kashe na yau da kullum ya zama kadara. Gyaran injin da ya kamata a cire daga ribar bana, sai a rubuta shi a matsayin sabon injin da za a riƙa ragewa cikin shekara goma. Da wannan kamfanin WorldCom na Amurka ya ɓoye dala biliyan 3.8 kafin Cynthia Cooper, shugabar binciken cikin gida, ta gano a 2002 ta kai wa shugaban kwamitin binciken kuɗi. Alamarsa ita ce asusun ayyukan da ba a kammala ba ya yi ta kumbura shekara bayan shekara ba a ga sabon gini ko sabon inji ba, kuɗin gyare-gyare kuma ya faɗi ba dalili.

A banki ko kamfanin ba da rance, zuciyar lamarin na cikin tanadin da ake warewa saboda bashin da ba zai dawo ba. Ƙa'idar IFRS 9, wadda ta fara aiki a 2018, ta kasa rance mataki uku. A na farko ana ware asarar da ake tsammani cikin wata 12. In hatsarin ya ƙaru sosai, wanda ake ɗauka ya faru in biya ya yi jinkirin fiye da kwana 30, rancen ya koma mataki na biyu, a ware asarar tsawon rayuwarsa. Jinkirin kwana 90 kan kai shi na uku. Dabarar ita ce a sake tsara rance ana dab da cika kwanakin, ko a ba mai bashi sabon rance ya biya tsohon, don ya zauna a matakin farko. Ki nemi jerin duk rancen da aka sake tsarawa a shekarar, musamman wanda aka yi wa haka fiye da sau ɗaya.

Bashin dala na bukatar tambaya tun kafin ya zama matsala. A Yunin 2023 aka saki naira a kasuwar hukuma, daga kimanin 460 a dala ɗaya ta kai kusan 900 a ƙarshen shekarar. Kamfanin da ake bi dala miliyan 10, bashinsa ya tashi daga naira biliyan 4.6 zuwa 9 ba tare da ya karɓi ko sisi ba, manyan kamfanoni da yawa kuma sun bayyana asara a shekarar saboda haka. Ki tambayi jimillar abin da ake bin kamfani da kuɗin waje, da farashin canjin da aka yi amfani da shi, da abin da zai faru in naira ta ƙara faɗuwa da kashi 20.

Sai mu'amala da na gida: kamfanin ƙanen shugaba da ke kawo dizal, gidan darakta da aka karɓa haya, rancen da aka ba wani kamfanin mai babban hannun jari. Ƙa'idar IAS 24 ta wajabta bayyana su. Ki tabbata kowane darakta na cike takardar bayyana alaƙa duk shekara, a kwatanta farashin da na kasuwa, mai alaƙa kuma ya fita daga zaure lokacin da ake maganar.

Zama da oditoci

Kundin 2018 ya ce aƙalla sau ɗaya a shekara kwamiti ya gana da oditocin waje da shugaban binciken cikin gida ba tare da masu gudanarwa ba. Ku mayar da shi al'adar kowane zama, ko da minti goma sha biyar ne, don in sai an ga matsala ake kiransa, kiran kansa ya zama zargi. A wannan ganawa ki yi tambaya kai tsaye: a ina kuka yi saɓani da sashen kuɗi, wace takarda kuka nema aka ja muku rai, wane ƙiyasi ne kuka amince da shi ba da son ranku ba?

Ki nemi takardu biyu da ba sa shiga littafin rahoto. Ɗaya ita ce wasiƙar da oditoci ke rubuta wa masu gudanarwa a kan raunin da suka gani a tsarin kula da kuɗi. Ki ajiye ta bara kusa da ta bana, duk abin da ya sake fitowa ki nemi sunan mai gyara shi da ranar gamawa. Ɗayar ita ce jerin kurakuran da aka gano ba a gyara ba saboda an ce ƙanana ne. Oditoci kan sa iyaka, sau da yawa kimanin kashi 5 cikin 100 na riba kafin haraji. In ribar biliyan 2 ce, iyakar miliyan 100 ke nan. Kurakurai uku na miliyan 30 da 25 da 35 sun tsaya a 90, ƙasa da iyaka. In dukkansu ƙara riba suke yi, ba wanda ya rage ta, ki nemi a gyara su.

Ki duba kuɗin da ake biyan kamfanin oditoci na wasu ayyuka, kamar shawarar haraji. In ya kusa ko ya wuce kuɗin binciken kansa, bakinsu zai yi nauyi. Kundin 2018 ya sa iyakar shekara goma a jere ga kamfanin oditoci, jagoran binciken kuma a sauya shi duk shekara biyar. Shugaban binciken cikin gida kwamiti zai riƙa kai wa rahoto kai tsaye, kuma kada a cire shi ko a sauya masa wurin aiki sai kwamiti ya sani. Layin masu tona asiri ma rahotonsa ya riƙa isowa kwamiti ba tare da ya bi ta ofishin manajan darakta ba.

In ba ki gamsu ba

Ki faɗi damuwarki a rubuce ga shugaban kwamiti kafin zama, don kada a ce kin kunyata wani a bainar jama'a. In an zo zama ba a warware ba, ki ce a rubuta rashin amincewarki da dalilinsa a bayanin taro, ki kuma duba daftarin bayanin da kanki, domin a nan akan mayar da gardamar awa guda ta zama "an tattauna, an amince". Kina da damar neman shawarar ƙwararre na waje da kuɗin kamfani, ta hannun shugaba ko sakatare. Sashe na 405 na CAMA ya ɗora wa manajan darakta da shugaban sashen kuɗi tabbatarwa a rubuce cewa rahoton ba shi da ƙarya, amma alhakin amincewa da shi na wuyan dukkan daraktoci, wanda ya sa hannu kuma da lambar rajistarsa ta FRC yake sawa. Kada ki sa hannu a abin da ba ki yarda da shi ba. In ta kai ga ajiye muƙami, ki rubuta ainihin dalili a takardar. Tun kafin karɓar kujera ma ki tambaya ko kamfani na da inshorar da ke kare daraktoci, ki karanta abin da ba ta ɗauka.

Auna sakamako

Bayan shekara biyu ko uku, hukuma ta zauna ta duba ko wani abu ya sauya. Kada a auna da farashin hannun jari ko yawan riba, don tsaurara lissafi kan rage ribar da ake bayyanawa a shekarar farko, lokacin da ake share tsofaffin basussuka da hajar da ta lalace. A sanar da manyan masu hannun jari wannan tun da wuri. Abin dubawa shi ne yawan gyare-gyaren da oditoci suka tilasta a ƙarshen shekara da girmansu, abubuwan da ke maimaituwa a wasiƙarsu, ranar da aka miƙa rahoto da ko an biya tarar jinkiri, tazarar riba da tsabar kuɗi, da ko an koma gyaran alƙaluman bara. Sakataren kamfani ya ciro waɗannan na shekara uku kafin naɗin da na shekarun bayansa, ya jera su a shafi ɗaya, a sa cikin takardun tantance aikin hukuma na shekara.